SOYAYYEN BURODI DA KABEWA: KARIN KUMALLON KAKA A ƘASAR AMURKA

 Gaisuwa ga ɗaliban azuzuwan manya na Maraɗi, da Damagaram, da Tawa, da Doso, da Yamai. Gaisuwa ga waɗanda suka taru gindin akwatin rediyo a ƙauyuka. Kowa ya ɗauko littafinsa da alƙalaminsa, don yau akwai awo da lissafi cikin hirarmu.

Yau za mu shiga madafa. Amma madafar tana nesa, bayan teku, a ƙasar Amurka. Za mu ga wani abinci da iyalai suke karyawa da shi da safe in kaka ta yi. Burodi ne ake jiƙawa cikin ƙwai da madara da kabewa, sannan a soya a kasko.

Kakarsu ba irin tamu ba ce

Mu nan, in an ce kaka, sai mu tuna girbin hatsi, da ɗaurin damma, da cika rumbu. Rana tana nan da zafinta. A arewacin Amurka abin ya sha bamban. Shekararsu kashi 4 ce. Kakarsu tana kamawa cikin Satumba, ta ratsa Oktoba da Nuwamba. Sanyi yana shigowa sannu a hankali. Rana tana saurin faɗuwa. Ganyen itatuwa yana komawa ja da rawaya, sannan ya zube ƙasa. Bayan nan sai ƙanƙara. Mutumin da ya tashi cikin irin wannan sanyi yana son abinci mai ɗumi, mai nauyi a ciki, mai ƙamshi.

A daidai wannan lokaci ne kabewa take nuna a gonakinsu. Ku sani, kabewa ƴar can ce tun asali. Masu binciken tarihi sun sami ƙwayoyinta cikin wani kogo a ƙasar Meksiko, waɗanda suka kai shekara kusan 10,000. Mutanen farko na wannan nahiya suna shuka ta tare da masara da wake cikin gona ɗaya. Sai bayan tafiyar Kolombus ta shekarar 1492 ne jiragen ruwa suka kai irinta Turai da Afirka da Asiya. Ke nan kabewar da take yaɗo bayan darnin gidanku baƙuwa ce da ta daɗe har ta zama ƴar gida. Duma kuwa, wanda muke fafe ƙwarya da ludayi da shi, namu ne na Afirka.

Cikin bukukuwan da Amurkawa suke yi da kaka, akwai 2 da kabewa take cikin kowane. Na farko ran 31 ga Oktoba. Suna ƙwaƙule babbar kabewa, su yanka mata ido da baki, su kunna fitila a ciki, su ajiye bakin ƙofa. Wannan wasan yara ne, kuma irin kabewar da ake yi da ita salam take, ruwa ya yi mata yawa. Na biyu shi ne Ranar Godiya, Alhamis ta 4 cikin Nuwamba. Shugaba Abraham Linkon ne ya yi shelarta ga ƙasa duka a shekarar 1863, majalisarsu kuma ta tsaida ranar da doka a 1941. Ran nan dangi suna taruwa, kuma bayan an ci abinci sai a kawo wani gashi mai zaƙi na kabewa da ƙwai da madara.

Yawancin matan can ba sa feraye kabewa da hannunsu. Ta gwangwani suke saye, dafaffiya, niƙaƙƙiya. Jihar Ilinoyi ita ce kan gaba wajen nomanta, kuma a garin Morton na wannan jiha akwai babbar masana'antar Libby's mai cika gwangwanaye. Ƙaramin gwangwani gram 425 ne. Sau da yawa akan buɗe shi a ɗebi rabi, rabi ya saura. Mace mai tattali ba ta zubar da rabin. Washegari da safe sai ta zuba shi cikin ƙwan da za ta jiƙa burodi.

Ɓataccen burodi

Shi kuwa jiƙa burodi a soya, ya girmi ƙasar Amurka nesa ba kusa ba. Akwai shi cikin wani tsohon littafin girki na Rumawa da ake jingina wa Afishiyus, wanda aka harhaɗa fiye da shekara 1,500 da suka wuce. A can ana jiƙa burodi cikin madara, a soya da mai, a zuba zuma. Amurkawa suna kiransa gasasshen burodin Faransa. Faransawa su kansu ba haka suke ce masa ba. Suna ce masa "pen perdi", wato ɓataccen burodi. Mutanen Isfaniya suna cin irinsa lokacin azuminsu na kafin Ista. Na Fotugal da Barazil suna yinsa ga Kirsimeti.

Ku duba sunan da Faransawa suka ba shi. Burodi ne da ya kwana, ya bushe, ya yi tauri, har ana shirin jefa wa awaki. To, wannan mun san shi. Dogon burodin nan da ake sayarwa a biranenmu, in an gasa shi da asuba, kafin gobe ya zama sanda. Tsoho mara haƙora ba ya iya shi. Yaro ya gatsa ya yar. Alhali kuɗi aka sa aka saye shi. Kuma yawancin garin alkamar da ake yinsa da shi daga waje ake shigo da shi, don alkamar da ake nomawa a fadamun Ƙonni da lambunan Abzin ba ta isar ƙasa. Duk guntun da aka yar, kuɗin maigida ne aka yar.

Abin daɗin shi ne, busasshen burodi ya fi sabo kyau ga wannan aiki. Sabon burodi cike yake da laima. In kun tsoma shi cikin ruwan ƙwai sai ya narke, ya zama kamar kunu cikin kasko. Busasshe kuwa kamar soso yake. Yana shan ƙwai da madara har ciki, amma ba ya wargajewa. In ya ji wuta, ƙwan da ya shiga ramukansa sai ya daskare ya riƙe shi. Waje ya yi ɓawo, ciki ya yi laushi.

Amma ku bambanta busasshe da ruɓaɓɓe. In kun ga burodi ya yi hunhuna, kore ko baƙi ko fari kamar auduga, ku zubar da shi duka. Kada ku yanke wurin ku ci saura. Saiwar hunhuna tana ratsa burodi inda ido ba ya gani, kuma suya ba ta gyara shi.

Abin da za a tanada

Ku rubuta. Wannan awo na mutum 4 ne ko 5.

Dogon burodi 1 wanda ya kwana.
Ƙwan kaza 3, ko na zabi 4.
Dafaffiyar kabewa, rabin kofi.
Madara, rabin kofi da ɗan ƙari.
Sukari, babban cokali 2.
Garin kirfa, ƙaramin cokali 1.
Garin citta, rabin ƙaramin cokali.
Kanumfari 2, a daka.
Gishiri, ɗan abin da yatsa 2 suka ɗauka.
Man shanu ko man gujiya na suya.

Bari mu tsaya kan kalmar "kofi". A kasuwa, in an ce tiya, kowa ya san girmanta. Haka matan Amurka suke da kofin awo wanda bai canzawa daga gida zuwa gida. Yana cin mililita 240, wato rubu'in lita saura kaɗan. Babban cokalinsu mililita 15 ne, ƙarami mililita 5. Ke nan ƙaramin cokali 3 shi ne babba 1. In ba ku da kofin awo, ku sami gorar ruwa ta lita 1, ku raba ruwanta daidai cikin kofuna 4 iri ɗaya. Inda ruwan ya tsaya, ku yi alama. Kun sami ma'auni.

Kayan ƙamshin nan kuwa, Amurkawa suna sayensu a haɗe cikin kwalba ɗaya: kirfa, citta, gyaɗar ƙamshi, kanumfari. In kaka ta zo sai su barbaɗa shi ga kome, har ga kafe. Kamfanin Starbucks ya fara sayar da irin wannan kafe a shekarar 2003, mutane suka yi ta layi. Mu ba mu da bukatar kwalbarsu. Citta da kanumfari suna cikin kayan yajin kowace mace, su ne muke sa wa kunu da fura. In kirfa ta yi wuyar samu, a bar ta. Ni dai shawarata kada a sa kimba ko masoro. Ƙarfinsu yana danne ɗanɗanon kabewa.

Gyaran kabewa

Nan ne aikin yake, nan kuma ake yawan kuskure. Ku zaɓi kabewa mai nauyi a hannu, wadda cikinta ya yi ja sosai kamar manja. Mai fari-fari ba ta da zaƙi, amfaninta ga jiki kuma kaɗan ne. Ku wanke bayanta kafin wuƙa ta shiga. Ku feraye, ku cire ƴaƴan da zaren ciki, ku yanka ƙanana.

Kada ku nutsar da ita cikin ruwa kamar za a yi miyar taushe. Kabewa da ma ruwa ce, kashi 9 cikin 10 na nauyinta. In ta ƙara shan wani, ƙullun zai tsinke, burodi ya fito jagwab. Turarawa ya fi. Ku sa ta cikin madambaci bisa tukunya mai tafasa, ku rufe, kamar minti 15 zuwa 20, har cokali ya shige ta ba wahala. Ku sauke, ta huce. Ku dame ta da ludayi ko muciya har gudaji ya ƙare. In kun ga ruwa yana kwanciya a gefe, ku juye ta cikin tsabtataccen ƙyalle ku matse kaɗan. Ana so ta yi kauri, in an ɗebo da cokali ta tsaya a kai.

Ƴaƴan kuma kada a watsar. A wanke, a shanya, a soya da ɗan gishiri. Amurkawa ma haka suke yi, yara suna ɓarewa suna ci.

Haɗi da suya

Ku wanke hannu da sabulu. Ku gwada ƙwai cikin ƙwaryar ruwa. Wanda ya nutse ya kwanta, sabo ne. Wanda ya taso sama ya daɗe, ku bar shi. Ku fasa kowane ƙwai dabam cikin ƙaramin kofi kafin ku juye cikin kwano, don kada bara-gurbi ɗaya ya ɓata sauran.

Madara in ta gari ce, ku dama ta da ruwan da aka tafasa ya huce. In ta shanu ce sabuwar tatsa, ku tafasa ta tukuna. Ɗanyar madara tana iya ɗauko ciwo daga saniya zuwa ga mutum, har da tarin fuka.

Ku fara kaɗa ƙwai da kabewa su kaɗai, sai sun haɗe sun zama abu ɗaya. Sannan sukari, da gishiri, da kayan ƙamshi. Madara ita ce ta ƙarshe, a zuba ana kaɗawa. In kun fara da madara, kabewa za ta yi ta yawo gudaji-gudaji, garin kirfa kuma ya taso sama ya ƙi nutsewa. Ƙullun ya yi kamar kunu mai ɗan ruwa-ruwa.

Ku yanka burodi a karkace, kaurin yatsa 2. Dogon burodi 1 yana ba da kamar yanka 12. Ku kwantar da su cikin ƙullu. Wannan ƙullu ya fi na ƙwai da madara zalla kauri, saboda haka ba ya saurin shiga. Ku ƙirga 1 zuwa 30 a hankali, ku juya, ku sake ƙirgawa. In burodin ya yi kwana 2, ya yi tauri ƙwarai, ku bar shi minti 1 ko 2 kowane gefe. In kun ɗaga, ku bari ya ɗiga, ku share wanda ya taru a kai da bayan cokali. In ba haka ba, ƙullun da ya taru zai soyu dabam kamar wainar ƙwai.

Yanzu sai wuta. Matan Amurka suna murɗa rishonsu zuwa tsaka-tsaki. Mai murhu ko gawayi sai ta bari harshen wuta ya kwanta, garwashi ya yi ja. Dalili: akwai sukari cikin ƙullu, akwai kuma zaƙin kabewa. Sukari yana saurin ƙonewa. In wuta ta yi yawa, waje zai yi baƙi, ciki kuma ɗanyen ƙwai ne. Ku sa mai kaɗan, abin da zai shafe gindin kasko. Ba suyar ƙosai ba ce, burodi ba ya iyo cikin mai. Man shanu ya fi ƙamshi, amma yana saurin hayaƙi.  Ku ɗiga ƙullu cikin kasko. In ya yi "cuu" a hankali, kasko ya yi.

Ku jera yankan, kada su taɓa juna. Minti 2 zuwa 3 kowane gefe. Kada ku yi ta juyawa. Sau ɗaya ya isa. In ya yi launin ƙasa-ƙasa mai haske, ku danna tsakiyar da cokali. In ruwa ya fito, da saura. In ya dawo kamar katifa, ya nuna. Wannan gwaji ba na ado ba ne. Ɗanyen ƙwai yana iya ɗauke da ƙwayar cuta mai sa zawo da amai da zazzaɓi, kuma ta fi kama yara ƙanana da mata masu ciki da tsofaffi. Zafin da yake kashe ta shi ne digiri 71. Ba mu da ma'aunin zafi a madafa, amma muna da cokali da ido.

Ƙullun da ya saura kada a ajiye shi don gobe. A ƙasarsu mai sanyi ma, ka'idarsu ita ce abinci irin wannan kada ya wuce awa 2 a waje, in zafi ya wuce digiri 32 kuwa awa 1 kawai. Ku tuna zafin Tawa cikin watan Afirilu. A soye shi duka nan take.

Abin da ake zubawa a kai

Amurkawa suna ɗora ɗan man shanu bisa burodin tun da zafinsa, sannan su kwarara wani ruwa mai zaƙi kamar zuma. Daga jikin itace ake samunsa, itacen mapul, wanda ganyensa yake bisa tutar Kanada. In sanyi ya fara sauka, wajen Fabrairu zuwa Afirilu, sai a huda jikin itacen a tari ruwansa. Ana dafa kamar lita 40 kafin a sami lita 1. Lardin Kebek na Kanada shi kaɗai yana ba da wajen kashi 70 cikin 100 na wanda ake sha a duniya.

Wannan itace ba ya fita a ƙasarmu. Amma muna da zuma. Muna da mazarƙwaila ta rake, irin wanda ake nomawa a fadamun Matamai da Magarya, a narka ta da ɗan ruwa. Muna da dabino, a jiƙa a dame. A ganina ma, zaƙin da Amurkawa suke zubawa ya wuce kima. Sukari yana cikin ƙullu, kabewa da nata zaƙi, to na sama kuma na mene ne? Ɗan ɗigo ya isa. Mai ciwon sukari kuwa sai ya yi hattara, don burodi kansa sukari yake komawa cikin jini.

Iyaye mata, ku rubuta wannan da manyan baƙaƙe: ba a ba jaririn da bai cika shekara 1 ba zuma, ko ɗigo. Tana iya ɗauke da wata ƙwayar cuta da hanjin jariri bai iya kashewa, wadda take saki jijiyoyinsa har numfashi ya gagara. Wanda bai cika wata 6 ba kuwa, nonon uwa kaɗai ne abincinsa.

Rabon yara

Jan launin nan na kabewa ba kwalliya ba ce. Jikin mutum yana juya shi ya zama bitamin A. Yaron da ya rasa wannan bitamin, idonsa ne yake fara nunawa. In magariba ta yi sai ya riƙa tuntuɓe, ya kasa ganin kwanon tuwo. Shi ne dundumi. In abin ya daɗe, ido yana bushewa, har ya kai ga makanta. Irin wannan yaro kuma in ƙyanda ko zawo suka kama shi, sun fi yi masa illa. Don haka ne ma'aikatan likita suke ɗiga wa yara ƴan wata 6 zuwa 59 wannan bitamin a baki. In sun zo, ku fito da yaranku. Abinci ba ya hana zuwa likita.

Wannan bitamin ba ya shiga jini sosai sai da maiƙo. Kabewa dafaffiya da ruwa zalla, kaɗan jiki yake ɗiba. Amma nan ga ta tare da gwaiduwar ƙwai, da madara, da man suya. Su ma gwaiduwa da madara suna da nasu bitamin A. Sai dai kada mu ƙara wa abin gishiri. Rabin kofi ne aka raba wa mutum 5. Miyar taushe da zogale da mangwaro da karas suna nan da aikinsu. Wanda ya so, ya ajiye sauran turarriyar kabewar a gefen kwano, da ɗan man shanu, yara su haɗa.

Na san akwai gidajen da har yanzu ake cewa yaro in ya ci ƙwai zai zama ɓarawo. Ba a taɓa ganin ƙwai ya koya wa yaro sata ba. Abin da aka gani shi ne yana gina tsoka da ƙwaƙwalwa. Ana kai ƙwan zabi kasuwa kwando-kwando da damina, yaran gidan ko ɗaya ba su ɗanɗana ba. Maigida, in an fasa ƙwai 3 cikin gidanka, a fara sallamar ƙananan kafin a kawo naka.

Wannan abinci ba zai kori kunu da fura ba. Ƙwai da madara kuɗi ne. Can Amurka ma ba kullum suke yinsa ba. Sun fi yinsa ran Asabar ko Lahadi, lokacin da ba lakkwal, ba aiki, kowa yana gida. Uwa ko uba yana bakin kasko, yara suna kaɗa ƙwai, ana ci da zafi-zafi.

Aikin gida

Ku rubuta waɗannan kalmomi cikin littafinku, kowace sau 3: kabewa, ƙwai, ƙullu, dundumi. Ku lura da ƙugiyar da take kan ƙ.

Ga lissafi. Burodi 1 yana son ƙwai 3 da rabin kofin kabewa, yana ba da yanka 12. Wani gida mutum 8 ne, kowa zai ci yanka 3. Yanka nawa ke nan? Burodi nawa za a tanada, ƙwai nawa, kabewa kofi nawa? Ku kai amsa wajen malamin ajinku. Sai mako mai zuwa war haka.